Don Melitón Ya Je Neman Aure da Farfesa a Kunne

Akwai wata cuta da ke kama namiji bayan furfura ta fito masa, ita ce raina abin da ya tashi ya tarar a gidansu don kawai ya ji baƙo ya faɗi wani abu da murya mai daɗi. Wayon aro ke nan, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ita ce ta kama Don Melitón Terceros, direban babbar motar albasa na nan San Isidro, ga kuma inda ta kai shi.

Don Melitón ya ba hamsin baya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa guda ɗaya tana can Sifen tana jinyar tsofaffi. Sana'arsa ya loda albasa a kwarin nan namu, ya haye duwatsu ya gangara da ita Santa Cruz, ya juyo da shinkafa ko sukari. Hanya ce mai cin rai, rediyo kuma da an shiga tsakanin duwatsu sai ya koma shuuu kamar ana suya. Da 'yar ta zo ganin gida ta tarar uban yana hira da sitiyari, tausayi ya kama ta. Ta zuba masa littattafai a waya, irin waɗanda ba kai ke karantawa ba, wani ne ke karanta maka, kai dai ka cusa 'yar igiya a kunne ka yi ta ji.

Ban ce duk sharri ba ne, ni ko kare ba na yi wa ƙazafi. Littafin farko na gyaran hali ne, kuma ya gyara shi. Mutumin da sai ranar Lahadi yake haɗuwa da reza ya koma aski kullum. Ya daina shan chicha, giyar nan ta masara, sai ranar biki, tumbin ya saɓe. Abin da kawai ya dami masu lodi shi ne kowace safiya sai ya tsaya gaban madubin mota ya daki ƙirji ya ce, "Melitón, kai zaki ne, yau ranarka ce." Suka saba, har in ya manta sukan tuna masa.

Na biyu na waƙoƙi ne. Mawaƙan cikin wayar ba su da zance sai farin wata da teku, mu kuwa nan ko ƙanshin teku ba mu taɓa ji ba. Sai Don Melitón ya riƙa juya abin zuwa ga abin da ya sani. Akwai kuma wadda yake yi dominta: Doña Casilda, mai sayar da api, kunun nan na jar masara, a bakin kasuwa. Mijinta ya rasu, ta riƙe kanta, ba ta da abin faɗa. Shekaru yana zama a bencinta yana kurɓa, bai taɓa wuce "ƙaro mini" ba. Wata safiya ya ajiye kofi, ya cire hula, ya ce:

"Doña Casilda, idanunki fitilu ne biyu a kan kwanar dutse, ni kuwa mota ce da birkinta ya tsinke."

"To ka yi can da motarka, Don Melitón, kar ka kifar mini da tukunya."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya har mai cuku ta riƙe ciki. Amma da ya miƙa kofi sai ya ga an cika shi har yana tumbatsa, ga fanke guda an ɗora masa wanda bai ce a ba shi ba. Washegari ta fito da 'yan kunnen da rabonta da su tun kafin takaba. Haka aka yi ta yi, yau ta zama inuwa a tsakiyar hawan dutse, gobe ta zama ruwan sanyi a lagireto, tana ce masa bakinsa ya yi tsatsa, tana ƙara masa ludayi. Ranar da ya fito fili ya faɗi abin da ke ransa, ta goge hannu a zane ta ce:

"In da gaske kake, ka san ƙofar Inna. Ko jika na yi, ba ni ke ba da kaina ba. Ka je ka roƙa kamar yadda ake yi."

Da a nan wayar ta faɗa rami, da yanzu wani labarin nake bayarwa. To, littafi na uku na dabarun ciniki ne. Mai karanta shi wani ne mai murya kamar an shafa mata man shanu, Don Melitón yana kiransa Farfesa. Farfesa ya ce kada ka taɓa nuna kana so. Ya ce in aka yi shiru, wanda ya fara buɗe baki shi ya faɗi. Ya ce kullum ka nuna kana da wani wurin zuwa. Babban darasin kuwa, in aka ce maka a'a, tattara naka ka kama hanya, kar ka waiwaya, za a kira ka kafin ka kai ƙofa.

Ya gwada a kan mai tayoyi a Santa Cruz, mai tayoyi ya biyo shi da gudu har titi. Ya gwada a kan dillalin albasa, dillali ya riƙe masa riga. Shi ke nan, kan Don Melitón ya daina shiga hula. Wannan babin na tashi ka tafi ya riƙa maimaitawa, in ya ƙare ya mayar da shi baya, har ya haddace inda Farfesa ke yin tari.

Neman aure a wurinmu ba a zuwa shi kaɗai, don haka ya nemi Don Serapio, wanda shi Melitón ya riƙe wa ɗa ranar baftisma, suke kiran juna compadre. Don Serapio ya sha raka mutane irin wannan tafiya, ya zaunar da shi.

"Compadre, buɗe kunnen da babu igiya ka ji ni. Mama Leandra, uwar Casilda, za ta wanke ka tas. Za ta ce ba ta ba direba 'ya. Kai dai gwiwa a ƙasa, hula a hannu, kofi a gaba. Ta ƙi, ka sake miƙawa. Ta zage ka, ka ce na gode Inna. Yawan ƙin da ta yi, shi ne darajar 'yarta a idon gari. Sai ta karɓi kofin ta zuba wa ƙasa rabonta, sannan ka miƙe."

"Wannan tsohon yayi ne, mutumina. Farfesa ya ce wanda ya durƙusa ya riga ya karya farashin kansa."

"Farfesan nan naka ya taɓa aure?"

"Kamfanoni ya saya ya sayar."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Na ce ya taɓa neman aure a San Isidro?"

"Ciniki duk ɗaya ne, compadre. Mutum mutum ne."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Melitón."

"To, na ji," in ji shi, irin jin da bango ke yi wa mai wa'azi.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci suka doshi gidan, Don Serapio rungume da tulun chicha da ƙullin ganyen koka da muke taunawa, Don Melitón ɗauke da gasasshen rago a faffaɗan tire, igiyar tana maƙale a kunne ɗaya ƙarƙashin hula. Tsakar gida an share ta fes. Mama Leandra na zaune a kan buzu da doguwar farar hularta, ƙanana da manyan 'yan'uwa sun jeru a jikin bango, kowa ya ɗaure fuska kamar ba a san da zuwansu ba. Ita Casilda tana ɗaki bayan labule, inda ake ajiye wadda aka zo nema. Daga bayan gida kuwa ƙanshin miyar gyaɗa da agwagi yana tasowa har yana sa hanci rawa.

Don Melitón ya shaƙi ƙanshin nan ya yi murmushi. A ransa ya ce, sun ɗora tukunya tun kafin in buɗe baki, ashe su ne a matse. Hancinsa bai yi masa ƙarya ba, ƙwaƙwalwar ce ta kai saƙon inda ba nan ba.

Don Serapio ya zube ya fara jawabi, yana kiran tsohuwar uwar gari, inuwar marayu. Da ya waiga don ya ga ko compadre ya durƙusa daidai, sai ya gan shi ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. 

Mama Leandra ta yi kamar ba ta gani ba, don ta kwana biyu tana wasa harshenta saboda wannan rana, ba ta son a ɓata mata shiri.

"Wa ya mutu kuka zo mini da rago?"

Don Serapio ya ce, "Inna, alheri ne ya kawo mu. Wannan bawan Allah ne ya ga fure a lambunki."

"Wanne? Wannan? Direba? Mutumin da gidansa ke kan taya? Wanda warin albasa ke riga shi shiga coci, har Fada ya fara hawaye kafin ya ga mai shi? 'Yata ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba. Ku kwashe tarkacenku, ban bayar ba."

'Yan'uwa suka gyaɗa kai, wata gwaggo ta ce, "Faɗa masa dai, Yaya." Zagin ya yi kyau, kowa ya ji daɗinsa. Don Serapio ya cika kofi ya tura wa Don Melitón, yana zungurinsa da gwiwar hannu.

Don Melitón bai karɓa ba. Ya harɗe hannuwa ya zuba wa tsohuwar ido, ya yi gum. Shirun Farfesa ke nan. Tsakar gida ta yi tsit. Wata kaza ta ratsa ta tsakaninsu, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta wuce abinta. Can Mama Leandra ta karkato.

"Serapio, kurma ne kuma? Ba ku gaya mini wannan ba."

Ta fara magana, ta faɗi, in ji Don Melitón a zuci. Ya gyara murya, ya aro ta Farfesa.

"Mama Leandra, na ji matsayinki, kuma ina girmama shi. Sai dai ki sani ni ma ba a matse nake ba. A hanyar Santa Cruz akwai wata mai gidan abinci, firiji biyu gare ta, kullum na tsaya sai ta ce mini, Melitón, sai yaushe? Tayina yana nan. In kun sake shawara, kun san inda nake ajiye mota."

Babu wata mai firiji. Inda yake tsayawa cin abinci a hanyar nan, wani tsoho ne mai haƙori ɗaya ke dafawa.

Ya miƙe, ya sunkuci ragonsa, ya juya. Daga bayan labule aka ji wani abu ya faɗi ya fashe. Ya ce a ransa, alama mai kyau. Ya nufi ƙofa da takun isa, kunnensa a baya yana jiran a ce, Don Melitón, dawo mana. Da ya kusa zaure ya rage sauri. A cikin zaure ya koma tafiyar hawainiya. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara tiren da bai karkace ba. Bai waiwaya ba, don Farfesa ya hana. Ya fita titi, ya isa jikin mota, ya tsaya da rago a kafaɗa, rana na dukansa, maiƙo na bin wuyan sabuwar rigarsa. Waɗanda suka amsa kiran su ne karnukan unguwa, suka kewaye shi suna kaɗa wutsiya.

Da ƙofar ta buɗe, Don Serapio ne, hula a hannu, fuska kamar an shafa toka.

"Sun aiko ka?" in ji Don Melitón. "Me suka rage?"

"Allah ya isa tsakanina da kai, compadre! Ni ka sa na zube a gaban mutane kamar buhun dankali, kai kana kan kujera kamar alƙali? Koma yanzun nan da rarrafe, ko a samu abin tsira."

"Kwantar da hankalinka. Yanzu suna ciki suna lissafin abin da za su rasa. Wanda ya fara kira shi ya faɗi."

Suna cikin haka wani baƙin kare ya yi tsalle ya fizge cinya guda ya ranta a na kare.

Abin da Don Melitón bai sani ba, dangin sun ɓoye masu bushe-bushe a gidan maƙwabta, suna jiran tsohuwa ta karɓi kofi su ɓarke da kiɗa. Tun da an riga an ɗauko su, ga miya ba ta jiran gobe, sai Mama Leandra ta ce a buɗe ƙofa kowa ya shigo. Rabin San Isidro ya ci agwagwa a ranar, aka shanye tulun da ya bari, kowane mai ci kuma ya tafi gida da labarin a bakinsa.

Shi kuwa ya shiga jira. Ya ƙaurace wa bencin api don kada a ga yana so, ya koma karya kumallo da busasshen burodi a cikin mota. Waya na motsi ya zabura, ya tarar dillali ne. In ya ratsa kasuwa mata su ɗaga murya, "Zaki, ina amarya mai firiji? A sammana ƙanƙara!" Ya yi kamar bai ji ba, amma abinci ya daina yi masa daɗi, madubin mota ma ya daina yi wa jawabi.

Wata rana yana hawan dutse da lodi, hannu biyu a sitiyari saboda hazo, babin nan nasa ya ƙare bai samu damar mayar da shi baya ba. Littafi ya ci gaba zuwa inda bai taɓa kaiwa ba. Sai ya ji Farfesa, da muryar nan tasa mai man shanu, yana cewa: "Mai sauraro, kafin mu rabu, gargaɗi guda. Duk abin da na koya maka na kasuwa ne. Kada ka kuskura ka gwada shi a kan iyali, ko aboki, ko wadda kake so."

Don Melitón ya taka birki har albasa ta zubo kan rufin mota. Ya zare igiyar ya dube ta.

"Kai, tsohon munafuki! Shi ne ba ka faɗa tun farko ba?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Farfesa ya faɗa, mai kunnen ne bai tsaya ya ji ƙarshe ba.

Da ya dawo gari ya wuce wurin Don Serapio. Don Serapio ya leƙo ta taga ya ce gwiwarsa ba ta haya ba ce, ya rufe. Don haka shi kaɗai ya koma, da sabon rago da sabon tulu, ba igiya. Tun daga zaure ya zube, ya shiga tsakar gida da rarrafe yana tura tire a gabansa.

"A'a, Don Melitón ne?" in ji Mama Leandra, fuska a sake kamar ta ga ɗan gwamna. "Maraba, maraba! Tashi mana, kar ka ɓata wando. Ku kawo wa baƙo kujera, wadda ya fi so ɗin nan."

Ya ƙi tashi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san in tsohuwa ta zage ka, ta ɗauke ka ɗa, in ta yi maka fara'a, kai baƙo ne.

"Inna, ki yi wa Allah ki zage ni."

"Ni? In zagi babban mutum? Ina na ga bakin?"

"Ki ce ina warin albasa, Inna."

"Haba, ai ƙanshi kake kamar lambun Fada."

Ya cika kofi, ya miƙa da hannu biyu. Ta dafa ƙirji ta ce ta gode, likita ya hana ta. Ya sake miƙawa, ta tambaye shi lafiyar 'yarsa ta Sifen. Ya sake, ta tambaye shi ya hanya, an gyara gadar nan kuwa?

Sai labule ya ɗaga, Doña Casilda ta fito da kanta, da kayan aikinta, ba 'yan kunne. Ya juya gare ta a kan gwiwa.

"Casilda, zuciyata inji ce da ta buga a tsakiyar..."

"A kai wa makanike." Ta tsaya a kansa. "Mijina na fari, Allah ya ji ƙansa, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma a nan inda kake ya durƙusa, ruwan sama ya sauko ya same shi, ya ɗauke ya bar shi. Kai sau ɗaya aka ce maka a'a ka sunkuci ragonka. Ina bayan labulen can da sabon zane, na ji ana auna ni da firiji a gaban ƙannen ubana."

"Babu ita, Casilda! Na rantse da Allah babu wata mai firiji. Dabara ce kawai."

"Au, babu ma? To ai gara a ce akwai. Da na ce wata ce ta fi ni. Ashe saboda iska ka tozarta ni."

"Kuskure ne. Ban ji littafin har ƙarshe ba."

"Ni ma ba sai na ji naka har ƙarshe ba. Ka ce tayi ka kawo, ko? To, albarka."

Ta juya, ta kai bakin labule, ta tsaya. Ya ɗauka kiran da ya daɗe yana jira ne ya zo.

"Ragon kuwa ka bar shi nan," ta ce. "Wancan karon mutane sun sa rai."

Ga abin da Don Melitón Terceros ya rasa, ku ƙirga da ni. Raguna biyu, ɗaya shi da karnuka, ɗaya dangin da ba su zama nasa ba. Tulun chicha biyu, bai kurɓi ko ɗaya ba. Riga guda da maiƙo ya ɓata, wando guda da ya huje a gwiwa bayan lokacin hujewarsa ya wuce. Compadre guda, wanda yanzu in sun haɗu sai dai ɗaga hula. Da mace guda, wadda ta riga ta amince, uwarta ta riga ta yanka agwagi.